Jita Mai Ƙafa Huɗu

Jaradiyya, Riyad
Oktoba

Zuwa ga Rahina baiwata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da yara. Kada ki ɓata rai da sunan. Innata, Allah ya ji ƙanta, taubashiyar babanki ce, mu kuma wasan muka gada, sai haƙuri. Ya jikin Baba Sha'aban? Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Ni lafiya lau nake, zafin garin nan ma ya fara sakinmu.

Hoton takardarki da kika turo ranar kasuwar Gazawa ya iso. Kin ce hawan jini ya taɓa masa hannun hagu, amma da sauƙi. Kin ce kuma ya sa an rataye gogensa a bango, ya juya masa baya, abinci sai an yi da gaske. Wannan ne ya hana ni sukuni. Mutumin da ya riƙe ni bayan rasuwar Inna, da gogen nan ya ciyar da mu duka. Ni da ke mun san in aka raba shi da goge an raba shi da tuwo.

Tunda ya ce ba ya son muryar waya, takarda yake so a karanta masa, to ga ta. Ki zauna kusa da shi, ki karanta a hankali, ba irin karatunki na tsere ba.

Baba, kamfaninmu yana haɗa dandamalin wasa a Dir'iyya. Mu ne masu ɗaukar katako da fitilu. Makon jiya wasu Turawa makaɗa suka zo gwaji da la'asar. Ina kan tsani ina ɗaure fitila sai na ji goge. Wallahi Baba goge na ji, irin dogon kukan nan da kake ja kafin ka shiga waƙa. Saura kaɗan in faɗo. Na duba, babu goge. Wani dattijo ne zaune gaban wani abu kamar tebur mai ƙafa huɗu, da tsirkiya goma shimfiɗe a kansa. Wai jita ce, amma kwance take, kuma ba a danna ta da yatsa. Wani guntun ƙarfe mai santsi ake riƙewa da hagu ana zamar da shi kan tsirkiya, dama tana kaɗawa. Sauran aikin na ƙafa ne. Akwai feda a ƙasa, ka taka murya ta hau, ka saki ta sauko. Mudir ɗinmu, wato shugaban aiki, yana ta yi mini yalla yalla in yi sauri, ni ko ban san yana yi ba.

Rahina, ki faɗa mini gaskiyar hannun nan. Yatsun suna iya riƙe abu? Damtsen yana ɗaguwa? Akwai abin da nake tunani.

Ubangidanki,
Nafiou

*

Tudun Baushe, ta Gazawa
Nuwamba

Zuwa ga bawana Nafiou,

Wa alaikumus salam. Ubangidan wa? Kai da na goya! Muna lafiya, yara suna gaishe ka. An gama yankan hatsi, bana ba laifi. Jikin Baba da sauƙi, alhamdu lillahi. Ga shi nan kwance kusa da ni, yana cewa in rubuta da kyau, don sai na karanta masa abin da na rubuta kafin in tura.

Na karanta masa takardarka. Da na zo wurin jitar sai ya juyo. Ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya ce in sake. Har Gwaggo Delou ta leƙo daga ɗakinta ta ce ko wasiƙar hadda ce. Ni dai na ce masa abin da ka kwatanta keken ɗinki ne, mai ƙafa huɗu da feda, ga nawa nan a zaure, in yana so ya hau. Ya yi dariya, Nafiou. Bakin ya ɗan karkace, amma dariya ce. Rabona da jin ta tun kafin damina ta ɗauke.

Ga tambayoyinsa. Tsirkiyar ta izga ce ko ta waya? In ta waya ce, yaya aka yi take kuka? Ƙarfen yana da nauyi? Ana shafa masa ƙaro kamar izga? Kuma ya ce dattijon nan na Turawa, da ya gama, mutane sun yi masa liƙi ko tafi kawai suka yi masa?

Maganar hannu. Yatsun sun naɗe, ba sa buɗewa sai na buɗe su. In na sa masa cokali a ciki yana zama. Damtsen yana ɗan motsi daga kafaɗa. Ka ce in faɗi gaskiyar hannu, ga ta nan.

Ranar da na karanta masa ya sha fura rabin kwano, washegari ya nemi tuwo da kansa. Yanzu ya ce in rubuta maka haka, da bakinsa: "Ka ce wa yaron nan, in abin yana samuwa ya kawo. Ban gama ba."

Na rubuta. Allah ya bar zumunci.

Uwar ɗakinka,
Rahina

*

Jaradiyya, Riyad
Disamba

Rahina,

Salamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, ina fata sauƙin Baba yana ƙaruwa. Ni lafiya, sai mura, sanyin Riyad ba ya sallama kafin ya shigo.

Ki gyara zama. Na samu!

Na sha yawo kafin nan. Duk shagon kayan kiɗan da na shiga, in na nuna hoto sai su ce mafi, babu, ba su ma taɓa gani ba. Wani ya nuna mini molon Larabawa ya ce in yi haƙuri da shi. Ƙarshe abokin ɗakina Dawuda, mutumin Tasawa, shi ya gano ta a dandalin gwanjo na waya. Mai ita wani ɗan Filifin ne, ma'aikacin asibiti a Shumaisi, zai koma gida gaba ɗaya, nauyinta ya fi ƙarfin kayansa. Da na ce masa wa zan saya wa, sai ya shiga ciki ya ɗauko ƙaramar sifika ya ɗora mini kyauta. Da muka ɗauki akwatin ya biyo mu har bakin titi yana shafa shi. Kada ki tambaye ni kuɗinta, ba zan faɗa ba.

Haɗa ta kuwa, wayyo Allah. Mutumin ya nuna mana sau ɗaya da Larabcinsa da ya fi nawa karyewa, muka ce mun gane. Ba mu gane komai ba. A kife ake fara ta, ciki sama, a ɗaura ƙafafu huɗu, a kafa sandar feda, sannan a saƙala wasu siraran ƙarafa daga feda zuwa cikinta. Kowane da gurbinsa. Mu kuwa muka musanya su. Na taka fedar farko, maimakon murya ta hau sai tsirkiya ta tsinke, tas, ta tsaga wa Dawuda kunci. Ya ce shi ya fita, wannan ba jita ba ce, tarko ne. Juma'a biyu muka ɓata a kanta. Maƙwabcinmu ɗan Sudan ya buga bango har ya gaji, daga baya ya shigo da shayi ya zauna yana ba mu shawarar da ba ta da amfani. Sai da na koma Shumaisi na roƙi mutumin ya zo. Ya zo da kayan aikinsa a jiki, ya gyara, ya ɗaure tsirkiyoyin, ya kaɗa mana wani abu na garinsu. Dawuda da ke zagin ta ya juya fuska bango yana share ido. Ya ce mura ce.

Amsar Baba. Tsirkiyar ta waya ce. Ba a shafa ƙaro. Ƙarfen yana da ɗan nauyi, amma nauyin ne ke yin aikin, ba sai an danna ba. Na naɗe yatsuna kamar yadda kika kwatanta, na sa shi ciki, ya zauna daram. Liƙi kuwa babu, Baba, tafi kawai. Shi ya sa ba su da ƙiba.

Fedar uku ce, duka ƙafar hagu ke taka su. Ki sa ya fara motsa ƙafar tun yanzu, ya riƙa tafiya zuwa masallaci da dawowa, don ta yi ƙarfi.

Dawuda zai tafi ijaza, wato hutu, ƙarshen wata, shi zai kawo ta har gida. Na ɗaura wa kowane ƙarfe zare mai launi, ja da kore da fari, na ɗaura irinsa a gurbinsa. Ko ke ba za ki ɓata ba. Sifikar za ta ci da batirin hasken rana na gidan.

Ki ce wa Baba ya shirya. Ina jin kamar ni ne zan zo.

Nafiou

*

Jaradiyya, Riyad
Janairu

Rahina,

Salamu alaikum. Ba zan tambayi jikin Baba ba, don na san amsar da za ki ba ni.

Wata guda ba takardarki. Na ce ko rezon waya ne babu, na ce ko aiki ne ya yi miki yawa. Jiya Dawuda ya kira ni daga Tasawa. Ya ce ya kai kaya, ya haɗa a tsakar gida, zare bai ɓata ba, mutanen gari sun cika zaure. Sai aka ce a fito da Baba. Ya ce mutum biyu suka ɗauko shi a tabarma, Rahina. A tabarma! Ya ce ƙafar hagu ba ta motsi ko kaɗan, jan ta ake yi. Ya ce tun ranar farko haka take, duk garin an sani, ni kaɗai ne ban sani ba.

Na rubuta miki cewa aikin na ƙafa ne. Da bakinki kika karanta. Na ce ki sa shi tafiya masallaci, kina karantawa kina kallon mutumin da ba ya iya juyawa sai an juya shi. Me ya hana ki ce mini ƙafar ma ta tafi? Kalma nawa ce? Kika bar ni ina yawo a Riyad kamar mahaukaci, ina ɗaura zare ja da kore.

Ba wahalata ke ci mini rai ba. Dawuda ya ce an zaunar da Baba a kujera gaban jitar, ya kalli fedar, ya kalli ƙafarsa, a gaban mutane. Ya ce a mai da shi ɗaki. Ni na ja masa wannan. Na aika masa abin da zai nuna wa gari abin da ya rasa. Da na sani da zannuwa da zuma na aiko, kamar kowa.

Raina a ɓace yake, ba zan ɓoye miki ba. Wannan kada ki karanta masa.

Nafiou

*

Tudun Baushe
Janairu

Nafiou,

Wa alaikumus salam. Muna nan. Jikin Baba da sauƙi. E, na sake rubutawa, ka yi abin da za ka yi.

Kai yanzu Riyad ta mantar da kai yadda ake yi? A gidan wa aka taɓa rubuta wa na nesa cewa jiki ya yi tsanani? Lokacin da Innarka take kwance, kana lakwal, kana karatun boko a Maraɗi, me aka riƙa aiko maka? Da sauƙi. Har ranar da aka aiko a ɗauko ka. Mai jinya ba ya cewa babu sauƙi, Nafiou, ko a gaban likita, balle a gaban mai ciwon. Kuma ka san duk abin da na rubuta sai na karanta masa. Ka so in dubi idon ubana in karanta masa cewa ƙafarsa ta mutu?

Kuma ka ji wannan. Ranar da takardarka ta farko ta zo, da na kai wurin feda na tsaya. Na ce Baba, wannan fa da ƙafa ake yi, bari in gaya masa. Ya ce in na rubuta bai yafe ba. Ya ce, "Kin ga yaro ya samo mini abin jira, za ki ƙwace?" Ya san ƙafarsa fiye da ni da kai. Wata biyu ya yi yana cin abinci saboda jitar nan. Kullum sai ya tambaya ko Dawuda ya taso. Ni ce nake wanke shi, ni ce nake juya shi, ni na ga naman da ya mayar. Kai zare ka ɗaura. Kada ka ƙara yi mini faɗa daga inda kake.

Ka ce kada in karanta masa. Ya ga lokacin da yarinyata ta kawo wayar, ya ga tsawon rubutun. Na karanta gaisuwa, na ƙirƙiro sauran, na gama da wuri. Ya ce, "Dogon rubutu, gajeren karatu. Ya yi fushi ko?" Na ce a'a. Ya ce, "Ki ce masa ni na sa."

Gaskiyar da kake so ga ta, yau a zaure nake rubutu, ba ya ji. Tun ranar da Dawuda ya zo ya koma bango. Kunu cokali biyu, uku. Maganarsa ta fara nauyi. Jitar tana ɗakinsa, na rufe ta da zane don ƙura, ya ce in buɗe, yana so ya riƙa ganinta. Wani lokaci in shigo in tarar ya miƙa hannun dama yana taɓa tsirkiya ɗaya. Kada ka ce ya taka da dama. Damar ce ke tokare shi a kujera, in ya ɗaga ta faɗuwa zai yi.

Na gaji, Nafiou. Ina jin tsoro. In za ka iya zuwa, ka zo.

Rahina

*

Jaradiyya, Riyad
Fabrairu

Yaya Rahina,

Salamu alaikum. Ya jikin Baba? Ya ƙoƙari? Allah ya ba ki ladan jinya.

Ki yafe mini. Na karanta takardarki a motar kamfani, hanyar Dir'iyya, na rasa inda zan sa fuskata. Ke kina ɗauke da shi, ni ina nan ina zafin baki.

Na je wurin mudir neman ijaza. Ya ce lokacin wasanni ne, ba mai motsawa sai bayan azumi. Na ce ubana ne ba lafiya. Ya buɗe takarduna ya ce sunan uban da ke kan iƙamata, katin zamana a ƙasar, ba Sha'aban ba ne. Na tsaya ina yi masa bayanin taubashin uwa da Larabcin da ban da shi. Ya ce bukra, wai gobe. Kullum bukra. Ba zan yi miki ƙarya ba, ba na jin za su sake ni.

Ɗakin ya yi mini faɗi. Wurin da jitar ta zauna har yanzu da sawun ƙafafunta huɗu a kan darduma. Ɗan Sudan ya tambaye ni ko tsohon ya fara kaɗawa, na ce masa e.

Abu ɗaya nake roƙo. Ko tsirkiya ɗayan nan da yake taɓawa, ki ɗaukar mini a waya ki turo ranar kasuwa. Ba sai waƙa ba. In ji dai hannunsa a kanta.

Ki ce masa na ji saƙonsa. Ki ce masa ban yi fushi ba, wane ni.

Ƙaninki,
Nafiou

*

Tudun Baushe
Maris

Nafiou ɗan uwana,

Assalamu alaikum. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na san Dawuda ya kira ka tun ranar. Ya haƙuri? Ya ƙarin haƙurinmu? Mu muna nan, gidan ya fara raguwa da masu gaisuwa, shi ya sa na samu zama. Akwai abin da Dawuda bai sani ba, kuma haƙƙinka ne ka ji.

Ranar Laraba kafin rasuwarsa, da hantsi, ina ɗinki a zaure sai Gwaggo Delou ta ce yana kira. Na shiga. Maganar ba ta fita sosai, sai na kai kunne. Ya ce tun ɗazu yana jin ƙafata a kan keke, ba ta kuskure. Ya ce, "Ara mini ita."

Ban gane ba sai da ya nuna jitar da haɓa.

Ni da Gwaggo muka ɗaga shi kan kujera. Ba nauyi, Nafiou, kamar ka ɗauki dami. Na jawo kujerar tsugune na zauna a hagunsa, na manne da shi. Na sa masa ƙarfen cikin yatsu, na ɗaure da ƙyallen atamfa don kada ya zame. Gwaggo ta haɗa sifikar da batir yadda Dawuda ya nuna mata, tana ta a'uziyya. Na ɗora ƙafata kan feda. Hannuna na dama na zagaye bayansa na riƙe shi, na hagu na tallafe masa gwiwar hannu. Ya ce in ya sunkuyar da kai in taka, in ya ɗaga in saki.

Farko abin ba daɗin ji. Kuka kamar an taka kyanwa. Na taka jan zare, ya girgiza kai. Na taka kore, ya harare ni, hararar nan tasa ta da. Ya ce, "Tela kawai." Muka yi ta yi. Yana nema da ƙarfen, sama, ƙasa, gumi yana zubo masa. Sai can ya samu wurin. Ya sunkuyar da kai, na taka, muryar ta tashi a hankali ta hau, ta tsaya tana rawa. Gogensa ne, Nafiou. Wallahi shi ne. Gwaggo ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da mayafi. Mata suka bar daka a maƙwabta, na ji taɓare sun yi shiru ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya shigo, suka tsaya a bayan danga.

Ban san wace waƙa ba ce. Ba cikin waɗanda muka sani ba. Bai daɗe ba, kansa ya faɗo kan kafaɗata, ya ce ya isa. Da muka kwantar da shi ya ce, "Abin kirki ne. Ya zo a makare, amma abin kirki ne. Ki gaya wa yaron." Ya sha kunu ranar, ya shanye. Bai ƙara tashi ba. Juma'a bayan an sauko masallaci ya cika, ina riƙe da shi.

Jitar tana nan, ban kwance ta ba. Taka ce, in ka zo ka ga yadda za ka yi da ita.

Ka roƙe ni abu ɗaya, in ɗaukar maka a waya. Na tuna, wallahi na tuna, yana cikin kaɗawa ina tunawa da kai. Wayar tana kan taga ina kallonta. Gwaggo ba ta san inda ake dannawa ba, yara suna lakwal. Hannuna ɗaya yana bayansa, ɗaya yana ƙarƙashin gwiwar hannunsa. In na saki ɗaya zai faɗi, in na saki ɗayan waƙar za ta tsaya. Ban saki ba.

Ka yafe mini. Ka yi masa addu'a a can, kun fi mu kusa da ɗakin Allah.

'Yar uwarka,
Rahina